Gardamar Masu Tsara Aikin Kwamfuta

A shekarar 1967, a ƙasar Norwe, waɗansu malamai biyu, Dahl da Nygaard, suka fito da Simula 67. Dabararsu ita ce a kasa umarnin kwamfuta gunduma-gunduma, kowace da littafinta da aikinta, kamar yadda dagacin Basirka ke riƙe da ƙasarsa, na bisa ba ya shiga sai ta hannunsa.

Magoya baya suka ce, in ɓarna ta auku an san inda za a nufa. Masu suka kuwa suka ce matakai sun yi yawa, kana neman akuya sai a haɗa ka da garke.

Java ta bi wannan hanya a 1995, bankuna da dama suka kama. Amma har yau gardama ba ta mutu ba.