Littattafan Halittun Tsibirai da Darasin da Suka Bar Mana

Mu mutanen Fakku, da 'yan'uwanmu na Kebbe da Tambuwal, ba mu san teku ba sai a labari. Babban ruwan da muka sani shi ne Gulbin Zamfara. Saboda haka mai karatu ya iya cewa, ina ruwan mai noman gero da littattafan da aka rubuta a kan tsuntsayen tsibirai masu nisa? To, a yi haƙuri a bi ni, kafin mu kai ƙarshe za a ga inda zancen ya taɓa mu.

Rubuta labarin halittu ba baƙon abu ba ne ga malamanmu. Shehu Damiri, mutumin Masar, wanda ya rasu cikin 1405, ya wallafa Hayatul Hayawan, ya jera dabbobi bisa haruffan Larabci, ya faɗi halin kowace da hukuncin cin namanta. Amma akwai halittun da bai sami labarinsu ba, domin suna zaune can a tsibiran da ke tsakiyar teku, ba a kuwa samun irinsu ko'ina sai nan.

Ɗaya daga cikin tsibiran nan shi ne Morishus, gabas da Madagaska. Sa'ad da jiragen mutanen Holan suka sauka can cikin 1598, sai suka tarad da wani ƙaton tsuntsu, dangin tattabara, wanda ba ya iya tashi. Turawa na kiransa dodo, amma ba irin dodonmu na tatsuniya ba ne, don shi ba ya cin kowa, shi aka ci. Da ya ke bai taɓa sanin maharbi ba, ba ya gudun mutum. Matuƙan jiragen ruwa suka yi ta kama shi, aladu da birai da ɓerayen da suka shigo tsibirin ta jirage kuma suka bi ƙwansa, wanda ya kan saka a ƙasa. Ganin ƙarshe da masana suka fi amincewa da shi an yi shi ne cikin 1662. Watau ko shekara 70 bai yi ba tare da mutane, ya ƙare ƙaf. Cikin 1848 da waɗansu masana biyu, Strickland da Melville, suka tashi rubuta littafi a kansa, sai ga shi ba su da abin dogara sai ƙoƙon kai da ƙafa da aka adana, da zane-zane, da labaran matafiya. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Masanan da suka biyo baya ba su jira halitta ta ƙare kafin su rubuta ta ba. Wani Bature, Alfred Wallace, ya yi shekara takwas, daga 1854 zuwa 1862, yana zagaya tsibiran da a ke kira Indunisiya yanzu. Ya tara tsuntsaye da ƙwari da sauran halittu fiye da 125,000, littafinsa kuwa ya fito cikin 1869.

Wanda labarinsa ya fi kusa da mu shi ne Boyd Alexander, wani hafsan sojan Ingila da son tsuntsaye ya shiga ransa tun yana yaro. Ya fara da tsibiran Kef Bade cikin 1897, inda ya sami wani yaro, José Lopes, wanda ya zama hannun damansa wajen harbin tsuntsaye da gyaran fatunsu. Cikin 1902 ya shiga tsibirin Fanando Fo, wanda a ke kira Biyoko yanzu, ya samo tsuntsayen da masana ba su taɓa rubutawa ba.

Cikin 1904 ya zo ƙasarmu tare da ƙanensa Claud, da Kyaftin Gosling, da Talbot mai auna ƙasa. Suka taho da jiragen ƙarfe biyu, suka bi Binuwai, suka nufi Tafkin Cadi. Tafiyar ta zo da tsada. Claud ya mutu a Maifoni, wajen Maiduguri, cikin shekaran nan, Gosling kuma ya mutu a ƙasar Kwango cikin 1906. Alexander da Lopes suka daure har suka isa Kogin Nilu. Cikin 1907 ya buga labarin tafiyar a littafi mai juzu'i biyu, ya sa masa suna Daga Kwara Zuwa Nilu. Duk da haka bai zauna ba. Cikin 1909 ya bi tsibiran Sawo Tome da Firinsife da Annobon, sa'an nan ya sake hawowa arewa. Aka kashe shi kusa da Abeshe, a ƙasar Wadai, cikin watan Afrilu na 1910, aka kawo shi Maifoni aka binne kusa da ƙanensa. Tsuntsayen da ya tara aka kai su gidan ajiyar kayan tarihi na Landan. Can wani masani, Bannerman, ya nazarce su, shi ne kuma daga baya ya rubuta littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma, juzu'i takwas, daga 1930 zuwa 1951.

Ta wajen itatuwa da ciyayi kuwa, wani likita mai suna Dalziel ya fara aiki a ƙasar nan cikin 1905. In ya ga tsiro ya kan tambayi sunansa da Hausa da amfaninsa. Cikin 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirai da Hausa, cikin 1937 kuma ya fitad da babban littafi a kan tsirai masu amfani na Afirka ta Yamma. Sai mu tambayi kanmu, wa ya gaya masa sunan marke da kirya da maɗaci? Wa ya nuna masa saiwar da a ke jiƙawa da ɓawon da a ke dafawa? Maharba ne, da makiyaya, da masu magani. Ilmin nasu ne, amma sunan da ke bangon littafi na mai alƙalami ne. Ba a fara ba mu irin wannan ilmi da harshenmu sosai ba sai da Dokta East da Malam Abubakar Imam suka fitad da Ikon Allah a Zariya cikin 1949.

To, ga inda zancen ya taɓa mu. Abin da littattafan tsibirai suka koyar shi ne, halittar da ke ƙuntace a wuri kaɗan, in masifa ta zo ba ta da mafaka, in kuwa ta ƙare babu inda wata za ta fito ta maye gurbinta. Ba kuwa ruwa kaɗai ke yin tsibiri ba. In gonaki suka kewaye daji ta kowace fuska, aka sare itatuwan da ke haɗa shi da wani dajin, to, ya zama tsibiri, ko da babu ɗigon ruwa kusa da shi.

Shaida tana nan kusa da mu. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma dā yana yawo tun daga Sanagal har Tafkin Cadi. Cikin 1996 aka ƙidaya, aka tarar saura 49 kacal, duk a wajen Kure, cikin Jamhuriyar Nijar. Da aka tsare su, mutanen ƙauyukan wurin suka ba da hannu, sai suka hayayyafa har suka haura 600. Cikin 2018 har aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji, a jihar Maraɗi. Dodo bai sami mai ƙidaya shi ba, raƙumin dawa ya samu.

Kai da ka yi yaƙi da jahilci ka ci, alƙalami yana hannunka yanzu. Ka gwada tambayar yaran gidanku, wa ya taɓa ganin gauraka, ko burtu, ko tuje, ko gwanki da idonsa? Amsar da za ka ji ta isa ta tashe ka. Nemi littafin rubutu, ka je wurin tsohon maharbin unguwarku, ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Baba, na zo ɗaukar karatu." Rubuta sunan kowane tsuntsu da dabba da itace, da inda a ke samunsa, da lokacinsa, ko damina ko rani, da amfaninsa, da shekarar da aka yi masa ganin ƙarshe. Kada ka manta ka sa sunan wanda ya gaya maka a shafin farko. Ba sai ka hau jirgin ruwa ba, ba sai ka bar gida ka mutu a Wadai ba, tsibirinka yana bayan gari.

Allah ya ba mu ikon riƙon amanar abin da ya halitta, amin.