Tasirin Gudanar Jini a Kan Warkewar Jijiyoyin da Aka Ƙera Don Dashe

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin yadda gudanar jini ke shafar warkewar jijiyoyin da ake ƙerawa a ɗakin gwaji. Matsayinta shi ne, bayan ɗinki, yanayin gogar jini da bangon jijiya ya fi ƙarfin bangon tasiri a kan makomar dashen.

Gogayya da tsukewa

Tun daga 1986, lokacin da Weinberg da Bell suka gina jijiya da sinadarin kolajin da ƙwayoyin halitta, hankalin masana ya fi karkata ga tambaya guda: shin bangon zai jure matsin jini ba tare da ya fashe ba? Tambaya ce mai tushe, domin jijiyar tasu ba ta da ƙwari. Sai dai a asibiti ba fashewa ce ta fi kashe dashe ba, musamman wanda faɗinsa bai kai milimita 6 ba. Abin da ke kashe shi daskarewar jini ne, ko kaurin da bangon ciki ke yi har hanya ta tsuke, kuma dukansu suna da alaƙa da yadda jini ke wucewa. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiya suna jin gogar jini. Idan yana tafiya santal ta fuska ɗaya, sukan miƙe su bi hanyarsa, su saki iskar naitirik oksaid, wadda ke hana jini daskarewa, ta kuma hana ƙwayoyin tsoka hayayyafa barkatai. Lissafin ma yana da tsanani: idan yawan jinin bai canja ba, rage faɗin jijiya zuwa rabi yana ninka gogayyar sau 8. Langille da O'Donnell sun nuna a 1986 cewa jijiyar wuyan zomo tana ƙanƙancewa idan aka rage jinin da ke binta, amma ba ta yin hakan idan aka kankare shimfiɗar cikinta. A 1991 Kohler da abokan aikinsa suka ga cewa ƙara gudun jini a dashen roba a jikin gwaggon biri yana rage kaurin bango.

Akwai masu cewa kumburi ne jagora, jini ɗan rakiya ne kawai, kuma hujjarsu ba ta raini ba ce. Bayan Shin'oka ya ba da rahoton dashen farko a jikin wata yarinya a Tokyo a 2001, binciken Roh na 2010 ya nuna cewa ƙwayoyin ɓargon da ake shukawa a firam mai narkewa da ake gina dashe a kansa suna ɓacewa cikin 'yan kwanaki. Aikinsu kiran ƙwayoyin garkuwar jiki ne, su kuma su jawo ƙwayoyin mai jikin su gina sabuwar jijiya. A wani gwajin irin wannan dashe da aka yi a Amurka, yara 3 cikin 4 sun sami tsukewa da wuri har aka buɗe musu da balan-balan. To amma abin da ya biyo baya ya fi goyon bayan matsayin wannan maƙala. A 2020 Drews da abokansa, bisa hasashen lissafin kwamfuta, suka bibiyi tumakin da aka yi wa dashen, sai ga tsukewar ta warware da kanta. Kumburi ne ya tsuke hanyar, babu musu, amma da firam ɗin ya narke, sabon naman ya fara ɗaukar nauyin jini da kansa, sai ya faɗaɗa. Ke nan akwai lokacin da kumburi ke mulki, akwai lokacin da jini ke karɓa, kuma saurin narkewar firam ne ke raba tsakaninsu. Wannan ya shafi yaron da aka yi wa dashe kai tsaye, domin wata tsukewar da ake gaggawar buɗewa mai yiwuwa mataki ne na warkewa.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa. Dashen masu wankin ƙoda yana ɗaukar jini mai yawan gaske, duk da haka yana tsukewa, galibi a mahaɗarsa da jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Amsar ita ce yawan jini daban, tsarin tafiyarsa daban. A mahaɗa jini yakan rabu da bango ya yi ta kewaya, kamar ruwa a kwanar kogi inda yashi ke taruwa, sai gogayya ta yi ƙasa tana kai-komo. Idan dashen ya fi jijiyar asali tauri, bambancin motsinsu yana ƙara dagula wurin. Gyara kusurwar ɗinki da daidaita faɗin ɓangarorin biyu suna cikin maganin, ba ado ba ne.

Dole a yi hattara da sakamakon dabbobi. A jikin mutum, shimfiɗar ciki ba ta cika wuce santimita 1 zuwa 2 daga mahaɗa a dashen roba ba, alhali a dabbobi da yawa takan rufe gajeren dashe gaba ɗaya. Inda babu ƙwayoyin da za su ji gogayya, amfanin gudanar ya ragu ƙwarai. Saboda haka, yanzu da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Symvess, wata jijiya da aka ƙera a ɗakin gwaji, a Disambar 2024 don raunukan jijiyoyin hannu da ƙafa, ya kamata bibiyar marasa lafiya ta riƙa auna gudun jini da faɗin mahaɗa wata bayan wata, tare da gwada dogayen dashe a wuraren da jini ke tafiya a hankali.