Dillancin Gidaje da Haƙƙin Mai Neman Haya: Nazari daga Daurawa da Gyadi-Gyadi

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Daurawa ko Gyadi-Gyadi, ko sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Tarauni ta Jihar Kano, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 220,000, ya san cewa kafin ya ga fuskar mai gida sai ya bi ta hannun dillali, kuma sau da yawa a nan hannun dillalin al'amari yake ƙarewa, ko ya samu ko ya rasa. Yankin nan, da yake ya haɗa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da manyan titunan Zariya da Maiduguri, ya zama matattarar ma'aikatan jinya, da ɗalibai, da masu jinyar 'yan uwansu daga jihohi masu nisa, da 'yan kasuwa baƙi, waɗanda dukkansu buƙatarsu ta farko ita ce inda za su sa haƙarƙarinsu. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne cewa sana'ar da ke riƙe da mabuɗin matsugunin jama'a haka ba ta kamata a bar ta babu rajista babu sharaɗi ba, kuma sharaɗin da ya fi cancanta a gindaya mata shi ne hana ta rufe wa mutum ƙofa saboda asalinsa, ko addininsa, ko kasancewarta mace marar miji.

Dillanci sana'a ce mai asali a ƙasar Hausa, kuma malaman fiƙihu ba su yi saɓani mai yawa a kan halaccinta ba. Imam Bukhari ya keɓe babi a kan ladan dillanci, malaman Malikiyya kuma suna tattauna la'ada a ƙarƙashin ijara da ju'ala, watau lada a kan aikin da aka kammala. Amma halaccin nan yana tafe da sharuɗɗa: kada a ɓoye aibin abin sayarwa, kada a yi algus, kada a zuga farashi da ƙarya. A da can, abin da ke tsare waɗannan sharuɗɗa shi ne sanayya, domin dillalin unguwa sananne ne ga mai unguwa da liman, kuma idan ya ci amana sau ɗaya ya rasa mutuncin da yake ci da shi. Yanzu da gari ya buɗe, har gonakin da suka kewaye Daurawa suka koma gidaje, wasu da takardar gwamnati wasu awon igiya, sanayya ta yi rauni, kuma ba a samar da abin da zai maye gurbinta ba. Duk mai wayar hannu da benci a gindin bishiya yana iya kiran kansa ejan, ya karɓi kuɗin ganin gida, ya miƙa mai nema ga wani ɗan kayi-nayi, shi ma ya miƙa ga wani, har la'adar da aka saba ƙiyastawa kashi 10 cikin 100 na hayar shekara ta kumbura ba tare da an san wanda za a kama idan magana ta lalace ba.

Dokar tarayya ba ta kai ga wannan bencin ba. Doka ta 24 ta 1975 ta kafa hukumar ESVARBON domin rajistar ƙwararrun masu kimanta ƙasa da gine-gine, waɗanda suka yi karatu mai zurfi, kuma galibin harkarsu tana kan manyan kadarori irin na unguwannin Nasarawa da Bompai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa magana take a kan mallakar ƙasa da ikon gwamna a kanta, ba ta shafi wanda ke neman ciki da falo ba. Jihar Legas ta ga wannan giɓi, ta yi dokar haya a 2011 wadda ta taƙaita kuɗin da za a karɓa gaba, sannan a 2022 ta ƙarfafa hukumar LASRERA da dokar da ta wajabta wa masu dillancin gidaje yin rajista.

Mas'alar da ta fi nauyi, wadda kuma ba a cika faɗarta a fili ba, ita ce ta tambayoyin da ake yi wa mai nema tun bai ga ɗaki ba. Mace ta zo da kuɗinta cikakke, ma'aikaciyar asibiti ce, da 'ya'yanta biyu, dillali ya dube ta, ya ce, “Hajiya, ina maigidan?” Ta ce sun rabu. Sai ya juya mabuɗan da ke hannunsa, ya ce ai gidan nan an riga an kama shi jiya, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Alhali da la'asar zai kai wani magidanci ya duba gidan nan ɗin. Haka ake yi wa tuzuru, da mai iyali da yawa, da wanda harshensa ya nuna daga Kudu yake, da wanda ba Musulmi ba. Wani lokaci umarnin mai gida ne, wani lokaci kuwa dillalin ne ya yanke hukunci da kansa, don gudun abin da yake zaton maƙwabta za su ce. A jihar da gwamnati da Hukumar Hisba suka fara aurar da zawarawa tun 2012 saboda yawansu, hana bazawara matsuguni zalunci ne mai faɗi, domin wadda aka kora daga unguwar mutunci ana tura ta ne zuwa inda aka ce ana gudar mata.

Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a ko'ina a sashe na 41, da damar mallakar gida a sashe na 43, kuma sashe na 42 ya hana bambanci saboda ƙabila, ko wurin asali, ko jinsi, ko addini. Sai dai lafazin sashe na 42 yana fuskantar dokoki ne da ayyukan hukuma, don haka wanda dillali ya mayar daga bakin ƙofa da wuya ya sami abin riƙewa a cikinsa. Duk da haka an riga an buɗe hanya, tun da dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta hau kan ɗaiɗaikun mutane, ba hukuma kaɗai ba.

Masu gidaje suna da hujja, kuma wajibi ne a saurare ta da adalci. Suna cewa gida mulkinsu ne, shari'a ba ta tilasta wa kowa ƙulla ijara da wanda bai yarda da shi ba, kuma a gidan da ake tarayya a tsakar gida da rijiya da makewayi, mai gida yana da haƙƙin duba wanda zai zauna da iyalinsa. Wannan gaskiya ne, kuma ko dokar Amurka ta 1968, wadda Shugaba Johnson ya sa wa hannu mako guda bayan kisan Martin Luther King, ta keɓe mai gidan da ke zaune a cikin gidansa idan sassan gidan ba su wuce 4 ba. Abin lura shi ne dokar ta tsananta ne a kan mai sana'a, ta haramta masa cewa gida ya ƙare alhali yana nan, har kotun ƙolinsu ta amince a 1982 cewa wanda aka aika don gwaji, aka yi masa wannan ƙarya, yana da ikon kai ƙara. A ganina wannan rarrabewa ta dace da ƙa'idojinmu ƙwarai, domin bincike a kan halin mutum, ta hanyar mai tsaya masa ko wurin aikinsa ko tsohon mai gidansa, halal ne kuma hankali ne. Amma yanke masa hukunci da zato saboda jinsin da ya fito daga ciki, da yi masa ƙarya don a sallame shi, abubuwa ne da shari'a ta hana tun kafin a san wata doka ta Turawa.

Kano kuwa ta san baƙo tun fil azal. Ayagi, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Dandalin Turawa duk a cikin ganuwa suke, kuma keɓe baƙi a Sabon Gari tsari ne da ya kafu a zamanin mulkin mallaka. Bahaushen da ya zauna a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas ya san ɗacin a ce masa babu ɗaki saboda hularsa.

Lasisin da nake kira a yi ba irin wanda zai nemi digiri ba ne, domin wannan zai kori dattijan da suka san kowane lungu na Daurawa, ya mayar da sana'ar hannun 'yan kaɗan, ya kuma ƙara tsadar haya. Ya isa a buɗe rajista mai sauƙin kuɗi a ƙaramar hukuma, da shaidar mai unguwa, a ba dillali lamba da katin shaida, a ƙayyade la'ada, a wajabta rasit a kan duk abin da aka karɓa, sannan a rubuta ƙarara cewa wanda aka tabbatar ya ɓoye gida ko ya kore mai nema saboda ƙabila, ko addini, ko zawarci, ko naƙasa, za a dakatar da shi. Dillalai na gari su ne za su fara cin moriyar wannan, tun da zai raba su da 'yan damfara, ya kuma ba su abin da za su kare kansu da shi idan mai gida ya umarce su da abin da bai dace ba. Ina roƙon Majalisar Dokokin Jihar Kano ta ɗauki wannan al'amari, ta zauna da dillalai da malamai da hakimai a kansa, kuma kafin doka ta fito, babu abin da zai hana Ƙaramar Hukumar Tarauni ta fara buɗe littafin rajistar a mazaɓar Daurawa.