Lissafi Daga Kaka Zuwa Shuka

Tsohon manomi a Malumfashi ba daga ranar shuka yake fara lissafin shekara ba. Daga ɗaukewar ruwa yake farawa, wajen farkon Oktoba, ya taho da baya. In masararsa mai kwana 120 ce, ya san dole iri ya shiga ƙasa a farkon Yuni. In ya makara, sai ya nemi mai kwana 90. Malamai masu lissafin taurarin damina kuwa, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa, kowanne da kwanakinsa 13, jadawali ne suka riƙe wanda ake ɗaukowa duk shekara ba sai an sake rubutawa ba.

Wannan dabara ta lissafi da baya ta shiga takarda a masana'antun Amurka. Henry Gantt ya zana ayyuka layi-layi a kan kwanaki a shekarun 1910. A 1957 kamfanin DuPont, tare da Remington Rand, ya fito da hanyar gano jerin ayyukan da in ɗayansu ya makara, aikin duka ya makara. Ana bin lissafin gaba, sannan a biyo shi da baya daga wa'adi, don a san ranar ƙarshe da kowane aiki zai iya farawa. A 1958 sojojin ruwan Amurka suka yi makamancinta, PERT, don shirin makami mai linzami na Polaris.

A wajenmu, auduga ce ta fara nuna iyakar irin wannan lissafi. Masu bincike a Samaru sun ƙirga kwanakin da auduga ke bukata kafin ruwa ya ɗauke, suka ce a shuka a Yuni. Lissafin daidai ne. Amma manoma sai Yuli suke shukawa, shekara da shekaru, ana ta ɗora musu laifin taurin kai. Sai da wani mai bincike, David Norman, da abokan aikinsa suka bi gonakin ƙasar Zazzau suna auna awannin aiki, aka gane cewa Yuni da Yuli ne hannu ke ƙaranci. Gero da dawa na jiran noman farko, ƙwadago ya yi tsada, kuma magidanci ba zai bar abincin iyalinsa cikin ciyawa don kuɗin da sai an buɗe fuloti zai gani ba. Jadawalin ya ƙirga kwanaki, ya manta da masu riƙe fartanya. Wannan labari yana sosa mini rai, domin an daɗe ana raina mutanen da lissafinsu ya fi cika.

Aikin bunƙasa noma na Funtua, wanda aka soma a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya game da yankin Malumfashi, ya kuma yaɗa taki da ingantaccen irin masara. Daga baya aka ɗauko tsarin Daniel Benor, inda malamin gona ke karɓar horo yana kuma zagaya manomansa duk mako biyu, a ranaku sanannu. Samfuri ɗaya ne aka riƙa maimaitawa daga ƙauye zuwa ƙauye.

Manhajar Microsoft Project ta fito a 1984. A irin wannan manhaja, kana iya sa ranar kammalawa, ita kuma ta jero maka ranakun farawa da baya da baya. Ka adana jerin ayyukan bana, baɗi ka ɗauko ka canza wa'adi kawai. Ga mai kula da ƙungiyar manoma tsakanin Funtua da Malumfashi wannan babban sauƙi ne: sharar gona, huɗa, shuka, takin farko bayan mako biyu, yuriya wajen mako na shida. Manhajar tana da gurbin da ake rubuta yawan ma'aikata, har tana sa jan alama idan an ɗora wa mutum ɗaya aikin da ya fi ƙarfinsa. Ni dai da zan duba samfurin wata ƙungiya, wannan gurbin zan fara buɗewa, in ga mutum nawa aka rubuta wa noman farko a watan Yuni.