Mahaƙar Dutsen Farar Ƙasa ta Kalambaina: Asalin Dutsen da Halittun da ke Rayuwa a Kanta

Mahaƙar Kalambaina tana ƙaramar hukumar Wamakko, daf da birnin Sakkwato. Daga cikinta ake fasa dutsen farar ƙasa da masana'antar simintin Sakkwato ke ƙonawa. An kafa kamfanin a 1962, ya fara aiki a 1967, yanzu kuma yana hannun BUA. Dutsen ya sha bamban da wanda ake fasawa a Mpape da ke Abuja domin tsakuwa: wancan daga narkakken dutse ya daskare, wannan kuwa teku ce ta shimfiɗa shi.

Shekaru kusan miliyan 60 da suka shige, wata teku marar zurfi ta malalo ta inda hamadar Sahara take a yau, ta rufe yankin Sakkwato da kudancin Nijar. Ƙwanson halittun ruwa da suka mutu ya riƙa taruwa a gindinta, rukuni bisa rukuni, har ya sandare. Shi ya sa ake tsintar ƙwanson dodon-koɗi da bushiyar teku a jikin dutsen, a ƙasar da yau rani ke cinye fiye da rabin shekararta. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar yumɓun Dange, wadda aka samu ƙasusuwan kada da kifi a cikinta. Irin wannan dutse ne ake haƙa a Malbaza ta Jamhuriyar Nijar.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne ruwa. Dutsen yana da ƙofofi da tsage-tsage da ke shan ruwan damina su adana, yumɓun da ke ƙasa kuma ya hana shi zurarewa. Daga nan rijiyoyi da maɓuɓɓugai da dama ke samun ruwa, har da masu ciyar da tafkin Kware. Don haka zurfin haƙa batu ne da ya shafi manomi da makiyayi.

Haƙa na kwashe ƙasar sama tare da sabara da aduwar da ke kanta, ƙura kuma na lulluɓe ganye. Amma a irin waɗannan mahaƙai, ramukan da aka gama da su sukan cika da damina, kwaɗi su yi ƙwai, balbela da zalɓe su sauko. Tumfafiya ce kan fara tsirowa a kan tarin ƙasar da aka zubar. Ɗorewar wannan mazauni ta dogara ga yadda aka bar ramin: gaɓa mai gangara a hankali tana karɓar ciyawa da tsuntsu, mai tsaye kuwa haɗari ce ga yara da dabbobin kiwo.