Ruwan Kano: Daga Rijiya da Kududdufi zuwa Madatsar Tiga

Ruwan sama a Kano na sauka ne cikin watanni huɗu ko biyar, daga Mayu ko Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa rani ne. Ƙarƙashin ƙasar birnin kuma dutse ne wanda ba ya riƙe ruwa mai yawa. Saboda haka tun da aka fara zama a gindin Dala, adana ruwan damina domin rani ya kasance babbar ɗawainiyar mutanen gari.

Tsohon birni ya dogara da rijiyoyi da kududdufai da rafin Jakara, wanda ke ratsawa ta kusa da kasuwar Kurmi. Kududdufi ya samo asali ne daga gini: duk inda aka haƙi ƙasa domin tubali ko ganuwa, ramin yakan cika da damina. Da ruwansa ake wanki, a shayar da dabbobi, a kwaɓa ƙasar gini. Amfaninsa mafi girma ba a ganinsa da ido, domin ruwan da ya kwanta a cikinsa yana tsatsowa a hankali ya ciyar da rijiyoyin da ke kewaye. Ruwan sha kuwa daga rijiya ake jawo shi da guga ko wasaki, a ɗauka a tulu, a juye a randa. Masu hali kan haƙa rijiya a ƙofar gida ko a bakin masallaci a matsayin sadaka mai gudana, kuma idan rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, akan nemi masu yasa su shiga su kwashe laka har idon ruwa ya buɗe. Sunayen unguwanni irin su Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu sun nuna yadda zaman jama'a ya ginu a kewayen ruwa.

Wannan tsari yana da illarsa. Kududdufai matattarar sauro ne, suna kuma yaɗa tsargiya, a da har da kurkunu. Amma ya yi daidai da girman garin na lokacin. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin 30,000, adadin da kan ninka lokacin da fatake suka cika gari. Mai shan ruwa ya san inda ruwansa yake fitowa, ya kuma san wanda zai tuhuma idan ya ɓaci.

Zuwan jirgin ƙasa da bunƙasar cinikin gyaɗa sun kumbura garin fiye da ƙarfin rijiyoyinsa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta gina gidan ruwa a bakin kogin Challawa da kuɗin baitulmali, aka buɗe shi a farkon shekarun 1930 tare da wutar lantarki. Ana tace ruwan, a tura shi ma'ajiya a kan Goron Dutse, daga can ya gangaro cikin gari. Da farko mutane da dama sun yi ɗari-ɗari da ruwan famfo, kafin su saba. Daga nan alhakin ruwa ya fara fita daga hannun unguwa yana komawa hannun hukuma.

Mataki na gaba ya zo da Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Ya tashi haiƙan wajen gina madatsun ruwa, farin da ya auka wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970 kuma ya ƙara wa aikin muhimmanci. Mafi girmansu ita ce Tiga a kan kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Ita ce ta raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, ta kuma sa kogin ya riƙa gudana har cikin bazara. Madatsar Challawa da ke wajen Ƙaraye ta biyo baya a 1992. Daga baya gwamnatin Ibrahim Shekarau ta gina sabuwar matatar Tamburawa mai iya tace lita miliyan 150 a kullum.

Ruwan da aka tare a Kano ya ragu ne daga rabon wasu. Ambaliyar shekara-shekara da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka ji a jikinsu. Ruwan da ake saki ba yankewa kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin kogi. A cikin Kano kanta, dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai ya gurɓata koguna, Jakara ta koma magudanar ƙazanta.

Abin takaici a wannan tarihi shi ne an fi mai da hankali ga ƙaro ruwa fiye da kula da wanda ake da shi. Tsofaffin bututu na yoyo a ƙarƙashin tituna, rashin wuta na tsayar da injinan turawa, kuɗin ruwa ba ya taruwa yadda zai isa gyara, sababbin unguwanni kuma na tashi kafin bututu ya kai gare su. Giɓin da ya samu, 'yan garuwa ne suka cike shi. A da mai garuwa kan rataya garwa biyu a sanda ya saɓa a kafaɗa. Yanzu kura yake turawa, jere da jarkoki masu cin lita 25, yana saye a rijiyar burtsatse yana sayarwa gida-gida. Talakan da famfo bai kai gidansa ba shi ne ke biyan kuɗin lita mafi tsada.

Rijiyoyin burtsatse na ƙaruwa a kowace unguwa, kowa na zuƙa daga ƙasar da tun asali ba ta da ruwa mai yawa. A daidai wannan lokaci ana cike kududdufai da shara ana gini a kansu, ruwan da a da yake kwanciya ya sauka ƙasa yanzu yana malala kan tituna, yana shiga gidaje a watan Agusta.