Ranar da wuta ta ɗauke a sama: maganito da tutar Archie League



Kwanaki muna hira da wani abokina da ke koyon tuƙin jirgin sama, sai na yi masa tambayar da na daɗe da ita a raina: kana sama kai kaɗai, malami na ƙasa, sai wutar jirgin ta ɗauke gaba ɗaya, me za ka yi? Ni a tunanina shi ke nan, sai salati. Ya yi dariya ya ce ai injin ma ba zai san an yi ba. Wannan amsar ce ta sa na koma bin tarihin abin.

A ƙaramin jirgin koyo irin Cessna 172, idan altaneta, wato abin da ke cajin batir, ya mutu, batir zai ɗan riƙe kafin ya ƙare. Daga nan rediyo ta yi shiru, fitilu su mutu, ma'aunin mai ya daina nuna komai. Amma farfela na ci gaba da juyawa, domin tartsatsin da ke ƙona mai ba daga batir yake zuwa ba. Daga maganito yake, na'urar da ke samar da wutarta da maganaɗisu muddin inji na juyawa. Kun san injin ban ruwa ko ƙaramin janareto da ake ja da igiya? To, dabarar ɗaya ce. A 1902 ne Gottlob Honold, injiniya a kamfanin Robert Bosch da ke Stuttgart a Jamus, ya fito da maganito mai ƙarfin da zai kunna fulogi kai tsaye. Motoci sun daɗe da komawa kan batir, amma masu ƙera ƙananan jirage suka ƙi sakin tsohuwar dabarar. Har guda biyu suke sawa, kowace silinda da fulogi biyu, kuma ɗalibi ba ya tashi sai ya gwada kowanne shi kaɗai. Ni dai a ganina wannan taurin kai ne mai amfani.

To, inji na aiki. Saura sauka, ga shi ba halin magana da hasumiya. Nan ne labarin ya fi burge ni.

A 1929 birnin St. Louis na Amurka ya ɗauki wani mutum, Archie League, aikin hana jirage karo a filin Lambert. Shi ake ɗauka a matsayin farkon mai ba jirage hannu a ƙasar. Ofishinsa baro ne. Eh, baro! A ciki yake zuba kujera, laima, ruwan sha, abincin rana da tutoci biyu, ya tura zuwa bakin titin jirgi. Ja na nufin dakata, mai ɗaki-ɗaki na nufin wuce. A 1930 aka buɗe hasumiya mai rediyo a Cleveland, tuta ta ba da wuri, amma ba a jefar da tunanin League ba, sai aka mayar da shi fitila mai ƙarfi da ake saita wa jirgi daga hasumiya. Har yau tana cikin dokokin tashi na duniya, kuma ɗalibi dole ya haddace ta, a Zariya yake ko a Florida.

Saboda haka abin da ake koya masa bai da yawa. Ya riƙe jirgin tukuna, domin a tsofaffin jiragen ma'aunin gudu da na tsawo da iska suke aiki, ba ruwansu da wuta. Ya kashe duk abin da ke shan batir tun da sauran ƙarfinsa. Ya nufi fili mafi kusa, ya shiga layin masu sauka, idonsa na kan hasumiya. Kore tsayayye: sauko. Ja tsayayye: ba wani hanya, ci gaba da kewaya. Ja mai ƙyaftawa: filin ba lafiya, kada ka sauka. A 172 ƙananan fikafikan rage gudu ma da wuta ake sauke su, don haka zai taɓa ƙasa da gudu fiye da yadda ya saba, ya ci titi mai tsawo.

Na tambayi abokin nawa yadda zai shaida wa na hasumiya cewa ya ga fitilar. Ya ce idan da rana ne, sai ya kaɗa fikafikan jirgin, dama da hagu.